Wa ake yi wa dariya a fina-finan batsar barkwanci na 'yan makarantar Amurka?

Ina aji biyu a jami'a na fara kallon American Pie, a ɗakinmu na hostel, mu bakwai a kan katifu biyu da muka haɗa a ƙasa. Laftof ɗin ma ta aro ce, batirinta baya kai awa biyu, ga shi ba wuta tun magariba, dan haka duk wanda yace a ɗan dawo da wani waje baya sai a hau shi da faɗa. Faifan irin DVD ɗin nan ne na bakin titi mai fim goma sha biyu a cunkushe, hoton duk ya dishe, an rage sauti can ƙasa sabida na ɗakin gaba ustazu ne kuma bangon ba kauri. Mun yi dariya a daren nan har ɗayanmu ya ƙware da garin kwakin da yake sha sai da aka dinga bubbuga masa baya. Shekaru da yawa bayan nan na sake kallonsa ni kaɗai a waya, wallahi akwai wuraren da dariyar ta ƙi zuwa, wani waje ma gabana ne ya faɗi. Alhali fim ɗin ko minti ɗaya ba a canza masa ba. Shi yasa na zauna na bi diddigin irin waɗannan fina-finai, daga ina suka fito, me yasa kusan duk labarinsu ɗaya ne, da yadda suka ci kasuwa sama da shekara talatin kafin kasuwar ta yi sanyi.

Ga wanda bai san su ba, fina-finan barkwanci ne, galibi na Amurka, jaruman samari ne 'yan ajin ƙarshe na sakandire ko 'yan jami'a, abokai uku ko huɗu, kuma abin dariyar ya ginu ne a kan batsa da zancen mata da giya da ashar da abin kunya na jiki irin wanda mutum bazai iya kallo a gaban babansa ba. A sinima ake nuna su a fili, manyan kamfanoni irin su Universal ke zuba kuɗi, amma da gangan suke tafiya a bakin iyaka. In ka kalli uku kamar ka kalli duka ne wajen mutanen ciki. Akwai mai kunya wanda shi muke bi, akwai sarkin cika baki da ƙarya ta fi yawa a labaransa, akwai ɗan boko mai tabarau da kowa ke rainawa, sai wani uban shaye-shaye da ba a taɓa ganinsa riƙe da littafi ba. Sai a ɗiba musu wa'adi, kuma wa'adin nan shi ke jan labarin tun daga farko har ƙarshe, kafin daren bikin gama makaranta, ko kafin hutu ya ƙare, ko ma kafin gari ya waye, dole kowa ya san mace, wai ta haka ne zai shiga sahun maza.

Bazaka gane me yasa labarin yake haka ba sai ka san yadda rayuwar yaron Amurka take a waɗannan shekaru. Babbar sakandirensu aji huɗu ce, daga aji tara zuwa sha biyu, suna gamawa da shekara 17 zuwa 18. A yawancin jihohi ɗan 16 na iya samun lasisin tuƙi, kenan ko yana da ƙwaryar motarsa ko ya ari ta gida ya ɓace wa idon iyaye. Giya kuma sai ya kai 21, sabida dokar da aka yi a 1984 zamanin Ronald Reagan wadda tace duk jihar da bata ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21 ba za a zaftare mata wani kaso na kuɗin manyan tituna, zuwa 1988 duk jihohin sun bi. To kaga inda rabin labaran suka samo asali, yaro na da mota na da sakewa amma shago bazai sayar masa ba, sai a koma katin shaida na bogi da roƙon wani babba a bakin shago. Sai kuma prom, daren rawa da makaranta ke shirya wa manyan ɗalibai, maza a sa kwat mata a sa doguwar riga, kowa ya nemi wadda zai je da ita, wanda bai samu ba ya zama abin tausayi. Bayan prom da 'yan makonni kowa ya watse, wani jami'arsa tafiyar awa biyar ce a jirgin sama daga gida. Can a jami'ar akwai ƙungiyoyin maza masu sunan haruffan Girkanci, kowacce da gidanta, nan ake kwana nan ake fati. Kar a haɗa su da ƙungiyoyin asiri na jami'o'inmu, waɗancan a fili suke makaranta ta san da su, duk da su ma ana rasa rai a wajen wahalar da sababbin shiga.

Kafin 1968 baka isa ka yi irin wannan fim a Hollywood ba. Tun 1934 ake aiki da ƙa'idojin tace fim da ake kira Hays Code, ba tsiraici ba ashar, ko sumba ma an yi mata iyaka. A watan Nuwamban 1968 ƙungiyar manyan kamfanonin fim ƙarƙashin Jack Valenti ta ajiye wancan tsari ta kawo na haruffa, wato yi abinka mu kuma mu manna maka harafi. Harafin R na nufin ɗan ƙasa da 17 bazai shiga ba sai da uba ko uwa ko wani babba. A nan fa gizo ke saƙar. Fim ne a kan 'yan 17, waɗanda suka fi zumuɗinsa 'yan 15 da 16 ne, a takarda kuma an hana su shiga, hanin nan kuwa ya fi duk wani talla da za a biya kuɗi a yi. A shekarar 2000 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tura yara 'yan 13 zuwa 16 su gwada sayen tikitin fim mai R su kaɗai, kusan rabi an sayar musu. Wanda aka kora a ƙofa kuma kaset na jiransa a shagon haya.

Wanda ya buɗe ƙofar da gaske shi ne Animal House na 1978, John Landis ne darakta, John Belushi ne ya fi fice a ciki. Labarin gidan ƙungiyar da ta fi kowacce lalacewa ne a wata jami'a, shugaban makaranta ya rantse sai ya kore su, su kuma suka ce sai dai a yi wacce za a yi. Ɗaya daga marubutan, Chris Miller, daga rayuwarsa ta jami'ar Dartmouth ya ɗebo labaran, an ɗauki fim ɗin a jami'ar Oregon da kuɗin da ya tasamma dala miliyan 3, ya dawo da sama da miliyan 140. Bayan shekara huɗu Porky's na Bob Clark ya mamaye sinimomi a 1982, da kuɗin Kanada aka yi shi, miliyoyi 'yan ƙalilan, ya haura miliyan 100 a Amurka. Masu sharhi sun zage shi tas, 'yan kasuwa ko a jikinsu. Ai lissafin a fili yake, baka buƙatar babban tauraro, baka buƙatar fasa mota ko tada bam, makaranta ɗaya da gida ɗaya da sababbin fuskokin da za su karɓi ko nawa ne. Seann William Scott da ya fito a Stifler ya faɗa da bakinsa dala 8,000 aka biya shi a American Pie na farko. In fim biyar suka faɗi ɗaya ya tashi an mayar da uwar kuɗi har da riba, shi yasa farkon shekarun 1980 aka yi ta kwararo su kamar ruwan Agusta.

Akwai wani abu da na lura da shi wanda ban taɓa jin mun yi zancensa ba a lokacin. Animal House an yi shi a 1978 amma labarin na 1962 ne. Porky's labarin Florida ne a 1954. American Graffiti na George Lucas da ya riga su, na 1973, shi ma dare ɗaya ne a 1962, Dazed and Confused na 1993 ranar rufe makaranta ce a 1976. Kenan yaran da muke gani a allo ba su ke ba da labarin kansu ba, magidanta ne suke tuna samartaka, kuma duk mun san yadda namiji ke ba da labarin ƙuruciyarsa a majalisa, abin da ya faru da wanda ya so ace ya faru duk a haɗe suke. Yarinyar da a zahiri ko kallonsa bata yi ba, a fim ita ke binsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka me yasa matan ciki yawancinsu ba su da ciki ba su da waje, ba a san me suke so ba, ba a san me suke tsoro ba, suna nan ne kawai kamar kofin da za a ba wanda ya ci gasa.

An samu waɗanda suka bambanta tun lokacin. Fast Times at Ridgemont High na 1982 mace ce darakta, Amy Heckerling, marubucin kuma Cameron Crowe yana ɗan 22 ya koma wata sakandire a San Diego ya saje da ɗalibai tsawon shekara yana sauraro. Shi ma cike yake da batsa, amma yarinyar da labarin ke bi ta yi ciki, saurayin da yace zai biya rabin kuɗi ya kai ta asibiti ya ɓace, yayanta ne ya tsaya mata. Wajen nan ba dariya ko ɗaya, kuma har yau shi mutane ke tunawa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abin ya ja baya, an gaji da su, ga tsoron ƙanjamau ya shigo, ga harafin PG-13 da aka ƙirƙiro a 1984 ya ba kamfanoni damar yin fim ɗin matasa mai sauƙi-sauƙi da kowa zai shiga. Sai 1999 American Pie ya sake tado da shi. Adam Herz ya rubuta, ya gina garin labarin a kan inda ya taso a jihar Michigan, 'yan uwa biyu Paul da Chris Weitz suka yi aikin, dala miliyan 11 aka kashe aka samu miliyan 235 a duniya. Sai da aka yi ta kai shi gaban masu ba da harafi ana yankewa ana komawa kafin ya samu R, sannan da aka zo fitar da DVD aka mayar da abin da aka yanke aka rubuta a jiki cewa wannan ba a tace shi ba, wata sabuwar hanyar kuɗi kenan. Bayansa Road Trip a 2000, Van Wilder a 2002, Old School a 2003, EuroTrip a 2004, shi kansa American Pie aka yi ta haifa masa 'ya'ya har 2012 ban da ƙananan da ba su ga sinima ba. Ingila ma ta yi nata, The Inbetweeners Movie na 2011 ya samu sama da fam miliyan 40 a ƙasar kaɗai, Indiya ta yi su Masti a 2004 da Grand Masti a 2013. Wannan zangon ne ya iso mana, ta faifan bakin titi da tauraron ɗan adam, daga baya ta wajen masu tura fim a waya.

To amma in batsa ce kawai da tuni an manta da su, fina-finan batsa zalla nawa aka yi ba wanda ya san sunansu. Abin da ke riƙe masu kyan cikinsu abota ce da tsoron rabuwa, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar Superbad na 2007. Seth Rogen da Evan Goldberg sun fara rubuta shi suna 'yan 13 a Vancouver, har sunayensu suka sa wa jaruman. A sama-sama labarin samo giya ne dan a kai fati a burge 'yan mata, da abokinsu mai katin bogi na jihar Hawaii mai suna guda ɗaya tal ba sunan uba. Amma a ƙasa, Evan ya samu Dartmouth shi kuma Seth bai samu ba, Evan ya ɓoye masa cewa da wancan abokin na uku zai zauna ɗaki ɗaya, duk ashar ɗin da Seth ke surfawa da duk masifar da yake yi ta wannan ciwon ce, yaron da ya san za a tafi a bar shi kuma bai san yadda zai faɗa ba. Da 'yan sanda suka watsa fatin, Seth ne ya ciccibi Evan a buge ya fita da shi. Suka kwana a ƙasa gefe da gefe, sai a nan, cikin duhu da maye, suka iya gaya wa juna suna ƙaunar juna. Washegari a babban kanti suka haɗu da 'yan matan, kowa ya bi tasa, Seth na sauka a matakalar nan mai tafiya da kanta yana waiwayen abokinsa har ya daina ganinsa. Na kalli wajen nan ya fi sau biyar kuma duk lokacin sai na tuna tasha ranar da muka gama jarabawar ƙarshe, an ɗaure katifa da bokiti a saman mota, ana ta barkwanci da tsokana sabida ba wanda ke son a ga idonsa ya kawo ruwa. Dala miliyan 20 aka kashe masa ya kawo kusan 170, kuma ni a ganina wannan waiwayen ne ya kawo su.

Kuma wannan gaskiyar ce ta sa nake ɗaukar haɗarinsu da girma. Da ƙarya ce zalla da ba ta shiga ba. Amma sabida ka ga kanka da abokanka a cikin yaran nan, kana sonsu, kana so su dace, sai ka bi su duk inda suka shiga ba tare da ka tsaya ka tambayi kanka ina ne nan ba. A Animal House jarumi ya kafa tsani yana leƙen ɗakin 'yan mata, an kuma mayar da shawarar ko a taɓa yarinyar da ta sume dan maye abin dariya. A Porky's wajen da ya fi suna shi ne leƙen banɗakin mata ta ramin bango. Revenge of the Nerds na 1984 ya wuce nan, 'yan bokon da aka zalunta kuma muke goyon baya sun dasa kyamarori a gidan kwanan 'yan mata sun sayar da hoton ɗaya daga ciki, sannan ɗayansu ya sa abin rufe fuska na saurayin wata ya kusance ta tana zaton saurayinta ne, da ta gane sai aka nuna ta ji daɗi har ta koma sonsa. Wannan fyaɗe ne, ba shi da wani suna, kuma a matsayin nasarar jarumi aka nuna shi ana kiɗa. Sixteen Candles na John Hughes wanda ko R ɗin ma bai samu ba, saurayin da aka nuna a matsayin na kirki ya miƙa budurwarsa a buge bata san inda kanta yake ba ga wani yaro yace ya tafi da ita. Jarumar fim ɗin da kanta, Molly Ringwald, ta yi dogon rubutu a mujallar New Yorker a 2018 tana cewa wannan wajen ya dame ta da ta waiwaya.

Sai wajen da ya faɗar mun da gaba a American Pie. Akwai wata ɗaliba baƙuwa daga Turai, Nadia, ta zo gidan su Jim, jarumin fim ɗin, karatu tana buƙatar ta canza kaya a ɗakinsa. Abokai suka zuga shi ya kunna kyamarar kwamfuta ya saita ta dan su kalla daga wani gida, bisa kuskure adireshin ya tafi wa duk makarantar. Yadda aka tsara wajen, kunyar Jim ce abin dariya, shi ya ba da kansa gari na kallo. Kyamarar fim ɗin tana kan fuskarsa da fuskokin masu kallo suna ihu, mu ma muna cikinsu. Ita kuwa da aka nuna wa makaranta guda ba da saninta ba, da baki kawai aka gaya mana cewa waɗanda suka ɗauki nauyinta sun gani sun mayar da ita ƙasarsu. Shi kenan. Ba a kira Jim ofis ba, ba ɗan sanda, ya je prom ɗinsa, washegari suna zaune su huɗu a wajen cin abinci suna murnar mataki na gaba.

Ni wannan shi ne aibin da ya fi tsiraicin ma, dan tsiraici ka san ka ga abin da bai kamata ba, zuciyarka ta gaya maka, ustazun ɗakin gaba ma zai gaya maka. Amma wannan a hankali yake koya maka gefen da zaka tsaya in irin haka ta faru, ya koya maka cewa in abokai sun yi dariya to ba a yi laifi ba, wai ƙuruciya ce. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da ke faruwa in bidiyon sirri ya fita a WhatsApp, wa ke barin makaranta, wa aurenta ke lalacewa, wa ake canza wa gari, wa kuma ke komawa majalisa bayan sati biyu ana ba shi hannu. Superbad ya ɗan yi ƙoƙari a nan, dabarar Seth ta a bugar da yarinya ta rushe sabida ita bata ma shan giya, Evan kuma ya ja da baya da ya ga wadda yake so ta bugu sosai, amma dai sai da fim ɗin ya kwashe sama da awa ɗaya yana sa mu dariya a kan wannan dabarar kafin ya ce ba kyau.

Sannan hoton da suke ba mu na yaran Amurka shi ma a yi hattara da shi. Mu a ɗakin nan mun tashi da yaƙinin cewa haka kowane yaro yake rayuwa a can, har wani yana cewa mu an cuce mu. Alhali masu fitowa a 'yan makaranta yawanci manya ne, Alyson Hannigan ta haura 24 lokacin American Pie, Jonah Hill na da 22 lokacin ɗaukar Superbad, Belushi 28. Kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na yin bincike a makarantu duk bayan shekara biyu, a 1991 kashi 54 cikin ɗari na 'yan sakandire suka ce sun taɓa saduwa, a 2021 kashi 30 ne. Haihuwar 'yan mata 'yan 15 zuwa 19 ta sauko daga kusan 62 cikin dubu a 1991 zuwa ƙasa da 14 a 2022. Kenan a daidai shekarun da allo ke ihu cewa kowa na yi kai kaɗai aka bari, adadin sauka yake. Yaron da ke jin shi ne na ƙarshe a ajinsu yana cikin masu rinjaye bai sani ba, kuma wannan tsoron na a bar ni a baya shi ake sayar masa da tikiti. Wani lokacin kwaikwayon har ya fito titi, Project X na 2012 labarin fatin gida ne da ya fi ƙarfin masu shi, a watan Satumbar shekarar a wani ƙaramin gari mai suna Haren a Holan, gayyatar bikin cikar wata yarinya 16 ta fita a Facebook bisa kuskure, aka laƙaba wa abin sunan fim ɗin, dubban matasa suka cika garin aka ƙona motoci aka fasa shaguna.

Yanzu da ƙyar kake ganinsu a sinima. Wasu na cewa tsoron surutun mutane ne bayan guguwar MeToo ta 2017, lokacin da mata suka fito suna fallasa masu cin zarafinsu, Todd Phillips da ya yi Road Trip da Old School ma ya yi irin wannan ƙorafin a 2019 lokacin da ya koma ya yi Joker. Akwai ƙamshin gaskiya, amma kasuwar ta fara mutuwa tun kafin nan. DVD da ke cike giɓi ya mutu, kamfanoni sun koma manyan fina-finan da za su sayu a Sin da ko'ina, barkwancin baki kuwa baya tsallake yare da sauƙi. Ga waya a hannun kowa, abin da yaron 1982 ke satar shiga sinima dan ya gani na daƙiƙa goma ya daina zama abin nema. Su kansu matasan sun canza, wani bincike na jami'ar UCLA a 2023 ya samu sama da rabinsu kaɗan na son a ƙara yin labaran abota maimakon na soyayya. Waɗanda ake yi yanzu da yawa mata ne a gaba kuma mata ke ba da umarni, Blockers na Kay Cannon a 2018, Booksmart na Olivia Wilde a 2019, Bottoms na Emma Seligman a 2023. Bakinsu ba wanki, kar wani ya ɗauka sun zama fim ɗin kallo da iyali, amma aƙalla yarinyar ta zama mutum mai ƙawa da tsoro da buri nata. Booksmart ya sha yabo kamar me, abin da ya samu a sinima kuwa wajen dala miliyan 25 ne, ko kusa da na Superbad bai je ba, jarumarsa ɗaya Beanie Feldstein ma ƙanwar Jonah Hill ce.

Daren da na sake kallon nan ban iya barci da wuri ba, na kira wanda ya ƙware da garin kwaki, yanzu yana da 'ya'ya mata uku babbar ta shiga sakandire. Ina ambaton fim ɗin ya fashe da dariya, ya dinga kawo mun wurare ɗaya bayan ɗaya, baban Jim da nasiharsa, Stifler, yarinyar nan mai labarin sansanin 'yan kiɗa, har kalar rigar wani ya tuna. Nace masa to Nadia fa, ka tuna me ya same ta bayan kyamarar? Ya yi shiru, ina jin muryar yaransa a bayansa ana rigima a kan rimot. Can yace, wai wani abu ya same ta ne? Nace kora ta aka yi, aka mayar da ita ƙasarsu. Yace wallahi shi bai taɓa lura ba, kuma ya kalli fim ɗin ya kai sau goma.